Intalok ɗin da aka yi mana a zagaye a bayan gida, bayan ya sha damina ɗaya

Tun bara nake son rubuta wannan amma na ce bari damina ta wuce tukuna, don aikin intalok, wato duwatsun simintin nan da ake jerawa a ƙasa, ba ranar da aka gama ake yabonsa ba, ranar ai kowanne kyau gare shi, sai ruwan Agusta ya dake shi sannan ka san me ka saya. To namu yanzu ya ga damina ya ga hunturu.

A bayan gidanmu nan Kano akwai ɗan fili a gindin darbejiya, da rani ƙura da damina taɓo, yara su taka su kwaso su kai har falo. Uwargida ce ta tsinto wani hoto a Facebook an jera duwatsu a zagaye kamar faifai an ɗora kujeru, ta ce ita irin wannan take so. Ni siminti kawai na so a zuba a shafe a huta, amma dai kun san inda irin wannan gardamar take ƙarewa.

Mai aikin kuwa, wani abokina ne ya haɗa ni da shi. Ranar farko ya burge ni gaskiya, guntun rodi ya kafa a tsakiya ya ɗaura igiya mai tsawon mita 2 ya zagaya yana zuba toka a kan layin, faɗin wurin mita 4 kenan. Na ɗauko waya na buga lissafin makaranta, 3.14 sau 2 sau 2, ya ba ni sukwaya mita 12.56, shi kuma ya ce in sayi na sukwaya 14. Na ce Malam ina ragowar za ta? Ya yi dariya ya ce Alhaji ai da'ira cin dutse gare ta, za ka gani. Wlh na gani, guda goma sha wani abu ne suka yi saura, sauran duk sun tafi a yanka da fashewa.

Ya hana ni sayen mai zigizag ɗin nan da ake sawa a harabar gidaje da gidajen mai, ya ce ba ya lanƙwasa. Ƙanana muka ɗauka masu siffar bulo, santimita 20 a 10, guda 50 ke cika sukwaya ɗaya, 700 kenan, kauri milimita 60 tunda ba babbar mota za ta hau ba balle a nemi na 80. Kuma wanda ake bugawa da inji muka saya ba mai sheƙin nan da ake zubawa a mazubin roba ba, na robar ya fi kyau a ido amma in ya jiƙe santsi gare shi, ga tsohuwa a gida.

Wajen jerawa kam ba ni da abin cewa, mutumin nan ya iya. Layi-layi yake zagayawa, ja ɗaya fari biyu, can waje bulon na zama lafiya amma kana matsowa tsakiya bakinsu sai ya riƙa buɗewa kamar haƙoran tsoho, dole sai an yanka kowanne da giranda an fiƙe shi, yini guda cur ya yi a kan ɗan tsakiyar nan da bai fi faɗin tire ba, ba wuta sai da na tayar da janareta, ƙurar kuwa har shanyar maƙwabta ta samu rabonta sai da na shiga ba da haƙuri. Bakin da'irar ma dabara ya yi, tunda kab, dogon dutsen da ake tare gefen intalok da shi, miƙaƙƙe ne ba zai bi zagaye ba sai ya kafa su bulon a tsaye cikin kankare duk kewayen. Har yau ko ɗaya bai motsa ba.

Inda muka samu matsala a ƙasa ne, wurin da ido ba ya gani. An haƙa kamar santimita 20, an zuba burji an bi da yashi, na ce ba za a ɗauko kompakta, injin dandaɓe ƙasa, ba? Ya ce asarar kuɗi ce tunda zama kawai za a yi a kai, yaransa suka daddaka da kututture aka wuce. Ni ma da laifina, na ji maganar ragin kuɗi na yi shiru, kuma ban tuna na gaya masa cewa ta gefen gabas an taɓa tona ramin bututun sokawe an mayar da ƙasa ba. Ruwa na uku wurin ya lotsa. Ga ledar da ya shimfiɗa a ƙarƙashin yashi wai don hana ciyawa, ita kuma ta hana ruwan tsotsewa, sai ya kwanta kwana biyu-uku sauro ya samu gida. Ciyawar ma ta fito abinta, don a yashin tsakanin bulon take tsirowa, ba ruwanta da leda.

Sati biyu ina kira, yau yana Bichi gobe an yi masa rasuwa, daga baya dai ya zo kuma bai karɓi kuɗin aiki ba, wannan na yaba masa. Ya ɗaga kamar guda 60, ya yaye ledar wurin, ya ƙara burji, ni na biya hayar kompakta da man ta, ya gyara gangara kamar santimita 2 a kowace mita zuwa kwata, ya mayar da bulon nan dai a mazauninsu kamar ba a taɓa ba. A nan na yarda uwargida ta fi ni gaskiya, da simintina aka zuba sai dai guduma.

Sauran ƙorafin ƙanana ne. Jan ya ɗan koɗe, wani farin abu kamar kanwa ya fito a kan wasu a watannin farko sannan ya tafi da kansa, tururuwa na kwashe yashin tsakani sai ka riƙa zuba busasshe kana turawa da tsintsiya, 'ya'yan darbejiya kuma in aka taka suna barin tabo. A watan Afrilu gefen da inuwa ba ta kai ba yana riƙe zafi har bayan isha'i, sai an yayyafa ruwa kafin a zauna.

In za a ba shi maki, jeri tara bisa goma, aikin ƙasa biyar, ɗaga waya uku. Zan sake ba shi aiki amma ranar haƙa da dandaɓe ƙasa, kujera zan ɗauko in zauna a kansa.

Abu ɗaya ne ba wanda ya yi tunaninsa cikinmu, duk tabarmin gidan nan masu kusurwa huɗu ne. Da azumi a can muke buɗa baki, in ka shimfiɗa biyu sai kusurwoyin su leƙa waje su kwanta a kan ƙasa, yanzu uwargida ta sa ni gaba wai sai na nemo mata mai zagaye a Kurmi.