Jirgin Dutsen Pilatus: Ya Cancanci Kuɗinsa, Idan Gari Ya Yi Garau

Wanda ya kai iyalinsa Luzern a ƙasar Suwizalan, ina ba shi shawarar ya hau jirgin ƙasa mai haƙora na Pilatus, wato wanda ke hawa dutse da faifan haƙora da ke kama wani dogo mai haƙora a tsakiyar layi. Daga tashar Alpnachstad yake tashi, ya sauke ku a Pilatus Kulm, tashar kan dutsen, mita 2,073 sama da teku. Layin kilomita 4.6 ne kacal, amma hawan ya kai mita 1,635 cikin kusan rabin awa.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin da ke ƙarƙashin jirgin. A inda hawan ya fi tsanani, kowace mita 100 da aka yi gaba an ɗaga mita 48, kuma babu jirgi irinsa a duniya da ke hawa gangare haka. A irin wannan miƙewa, faifan haƙora da ke taka dogo daga sama zai iya zamewa ya fita. Shi ya sa injiniya Eduard Locher ya kwantar da faifai biyu, suna cizon dogon tsakiya ta hagu da dama, sun riƙe shi gam. Tun 1889 ake aiki da wannan dabara, aka koma lantarki a 1937. Mai fargabar tsayi ya kwantar da hankalinsa, tafiyar a hankali take, ba girgiza.

Ku nemi kujerar da ke kallon ƙasa, nan ake ganin tafkin Luzern yana ƙanƙancewa a bayanku. Kunnuwan yara kan toshe saboda saurin hawa, a ba su alewa ko ruwa su riƙa haɗiya, jariri kuma a ba shi nono. Sama ta fi ƙasa sanyi da kusan digiri 10, ga iska, don haka rigar sanyi dole ce ko a watan Yuli.

Matsalar da ta fi ɓata tafiyar ita ce gajimare. Yakan lulluɓe kan dutsen, a biya kuɗi mai yawa a ga hazo kawai. A duba kyamarar kan dutsen ta intanet kafin a yanki tikiti, a kuma kama kujera tun da wuri, domin da hantsi layi yakan yi tsawo. Jirgin na aiki ne daga Mayu zuwa Nuwamba. A sauran watanni sai motar da ke rataye a igiya daga garin Kriens kusa da Luzern, wadda ba ta kai shi armashi ba.