Tatsuniyar Ruwan Bagaja: da idon Freud ko da na Jung?

Malama, kin ce a Jami'ar Jos an ba ki aikin nazarin tatsuniyar Ruwan Bagaja, kina tambaya ra'in Freud za ki ɗauka ko na Jung. Bari mu auna su a kan tatsuniyar kanta, yadda kakata ta ba mu ita: 'yar mowa ta ɓata kirgi da dare, aka ɗora wa 'yar bora, aka kore ta ta je ta wanko shi a Ruwan Bagaja. Ta wuce koguna, ta tarar da cinya da kare, ta yi musu ladabi, ta samo ƙwan da ya zame mata arziki.

Sigmund Freud, likitan birnin Biyana da ya rasu a 1939, cikin gida yake leƙawa. A wurinsa tatsuniya 'yar'uwar mafarki ce, abin da yaro ya danne a zuci ne ke fitowa da wata kama. Ɓata shimfiɗa kunya ce da kowane yaro ya sani, wankin kirgi wankin laifi ne, gabar 'yan ubanci kuma ga ta a fili. Bruno Bettelheim, wani mai bin ra'in Freud, a littafinsa na 1976, ya ce muguwar matar uba uwa ce da yaro ya raba biyu, don ya ji haushin rabi ba tare da ya tsani mahaifiyarsa ba. A nan nake ja da shi. A gidajenmu kishiyar uwa ba ƙirƙirar zuciya ba ce, ɗakinta na kallon na uwarka, ranar girkinta ma tuwonta za ka ci.

Carl Jung ɗan Suwizalan ne, ya raba gari da Freud a 1913. Da idonsa tambayar daban ce: me ya sa Jamusawa ke da labarin yarinya mai ladabi da marar kunya, wadda ta faɗa rijiya ta dawo da zinariya, alhali ba su taɓa jin Bagaja ba? Amsarsa, akwai siffofi na asali da 'yan Adam suka yi tarayya a kansu. Da wannan ido 'yar mowa inuwar 'yar bora ce, wato halin da mutum ke ƙi a jikinsa. Ruwa zurfin zuciya ne, cinya da kare masu jarraba matafiyi ne, ƙwai kuwa sabuwar rayuwa. Aibinsa, in kika sake masa linzami sai Hausancin ya zube, gaisuwa da kawaicin da suka ceci yarinyar su ɓace.

Ni dai Jung zan ɗauka don tafiyar, in ari Freud a kan kirgin kaɗai. Kafin ki fara rubutu, ki shiga Gangare ko Unguwar Rogo ki sami tsofaffi biyu su ba ki tatsuniyar da bakinsu. Za ki ji ba su daidaita a kan yawan kogunan da ta wuce ba, ki rubuta wadda kika bi.