Har Kare Da Katifarsa A Riyad

Maigidan da nake wa tuƙi a nan Riyad yana da karnuka biyu. Akwai wata 'yar ƙarama mai gashi buzu-buzu da yaran gidan suka nace sai da aka sayo, sai kuma saluki, dogon karen farautar nan na Larabawa, da ke zaune a gonarsa a bayan gari. Ran nan ya aike ni in sayo musu shimfiɗa.

Shago guda ne na kayan dabbobi zalla. Ina cewa shimfiɗar kare nake nema, yaron shagon ya jero min tambayoyi. Kilo nawa ne? Shekararsa nawa? A ɗaki yake kwana ko a waje? Yana tauna kaya? Na yi sororo. Ya ƙare min kallo sama da ƙasa, ya ce in kira masa mai karen. Wallahi abin ya ci min rai. Ni da na sayi katifar aurena a kasuwar Sabon Gari babu wanda ya tambayi nauyina!

Sai dai duk rainin hankalinsa, yaron ya san aikinsa. Ta cikin gida katifar soso aka ba ta mai riga da zif, a cire a wanke duk mako, don kwanciya a kan tayil na sa kare kanta a gwiwa, balle in ya tsufa. Kwikwiyo kuwa ba a ba shi soso, yagawa zai yi ya haɗiye ya toshe masa hanji.

Na salukin ne ya fi ba ni mamaki: gado ne mai ƙafafun ƙarfe, an ɗaure masa raga a sama. A bazara zafin Riyad kan kai digiri 45, ƙasa ta zama garwashi, to ragar na ɗaga shi sama iska na ratsawa ta ƙarƙashi, kaska da ƙuma da kunama ba su same shi a sauƙaƙe ba. Daga Disamba zuwa Janairu kuma ɗarin sahara ba wasa, ga shi saluki ba kitse, ƙashi ne da fata. Nan sai a zuba masa busasshen karan alkama a ɗakinsa, ana sauyawa. Bargo a waje shan laima yake, ya kwana a jiƙe ya ƙara wa kare sanyi.

Kuɗin gadon kam ba zan faɗa ba, kada Hajiyarmu ta ji ta ce na bar mata riyal a shagon karnuka. Almubazzaranci akwai shi a nan, ba musu.

Amma mu ma fa! Karenmu na ƙauye shi ke gadin garke dare farai, shi ke bin 'yan farauta daji, ladansa a kore shi da dutse ya je ya kwanta cikin toka a gindin rumbu, kaska cike da kunne, ƙuda na cin gyambon. Alhali duk mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kuma karan gero da buhu ba su taɓa yanke mana ba, mai walda na kowace unguwa zai iya haɗa gadon nan da guntayen rodi. Ƙanina Sani, na turo maka hotonsa ta WhatsApp, ka kai wa mai walda kafin damina ta faɗi.