Mandolin na kanti da na ɗinkin tela: abin da na gani bayan na riƙe duka biyun

Ranar da na tura wa mai sassaƙa kafin alƙalami na dala 1,500, uwargida tana tsaye a bayana tana kallon kwamfutar. Ta ce, "Malam, wancan da ke jingine a bango me ya yi maka? Ya daina kuka ne?" Na ce bai daina ba. Ta ce, "To Allah ya sanya alheri," ta koma wajen tukunyarta. Duk wanda ya yi zaman aure ya san ma'anar wannan addu'ar. Yau shekara uku da 'yan kai ke nan, mandolin biyu ne a ɗakina a nan Kentaki, ɗaya na masana'anta, ɗaya wanda mutum guda ya zauna ya sassaƙa domina, kuma ina ganin na isa in faɗi abin da kowannensu ya tsinana mini.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, mandolin ɗan ƙaramin abin kiɗa ne, bai kai girman jita ba, mai tsirkiyar ƙarfe takwas da aka jera bibbiyu. Ana ɗaure su daidai da ɗaurin gogen Turawa, amma da ɗan guntun roba ake kaɗa shi. Irin na da, na birnin Nafoli a Italiya, bayansa kamar ƙwarya yake. Wanda ake kaɗawa a nan Amurka kuwa daga hannun Orville Gibson ya fito, mutumin Kalamazu a jihar Mishigan, wanda ya riƙa sassaƙa fuska da baya daga katako kamar yadda ake yi wa gogen Turawa. A 1902 aka kafa kamfani da sunansa. Tsakanin 1922 da 1924 wani ma'aikacin kamfanin, Lloyd Loar, ya sa hannu a kan samfurin da ake kira F-5, kuma ɗaya daga cikinsu, na 1923, shi makaɗi Bill Monroe ya tsinta a shagon aski a Fulorida ya gina bulugiras, wani salon kiɗan karkarar Amurka, a kansa. Abin da ya sa na kawo wannan tarihin shi ne, kusan duk wanda ke ƙera mandolin irin na bulugiras a yau, masana'anta ce a Sin ko tsoho ne shi kaɗai a garejinsa, wannan zubin na Loar yake kwaikwayo. Itacen ma kusan ɗaya ne: sufurus a fuska, mefil a baya da gefe da wuya, sai baƙin katakon nan na eboni a inda yatsu ke taka. Ebonin nan ɗan uwan kanyarmu ne, kuma da yawa daga cikinsa daga dazuzzukan Kamaru ake kawo shi.

Na farkon na saye shi a 2018, dala 600, ƙirar Sin, mai siffar ɗigon hawaye da ake kira samfurin A. Maƙwabcina ne sila, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, wanda ke tara abokansa duk daren Alhamis su yi ta kiɗa a baranda. Ni da na tashi a gidan malamai a Zariya, inda ko fito ka yi sai an harare ka, ban taɓa zaton zan riƙe abin kiɗa ba. Amma kaɗaicin ƙasar mutane yana sa ka abin da ba ka shirya ba.

Wata ukun farko wahala na sha, kuma na ɗauka laifin yatsuna ne. Tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, sai na danna da ƙarfin tsiya kafin sauti ya fito, kan yatsuna duk ya yi kanta ya tsattsage. In na hau sama a wuyan, sautin sai ya kauce, kamar mai waƙar da mura ta kama. Saura kaɗan in sayar. Dattijon nan ne ya karɓa ya duba, ya ce in kai wa mai gyara. Mai gyaran ya cire jakin, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa, ya nuna mini haske yana wucewa ta ƙarƙashin ƙafarsa domin bai zauna daram a kan fuskar ba. Ya goge shi da sanfefa har ya zauna, ya zurfafa ramukan da tsirkiya ke kwanciya a saman wuya, ya daidaita ƙarafan da ake dannawa, ya matsar da jakin inda ya kamata ya tsaya. Dala 80 ya karɓa. Da na dawo gida na kaɗa, wallahi sai da na juya shi na duba ko mandolin ɗina ne. A duk kuɗin da na kashe a wannan harka, babu wanda ya biya ni kamar dala tamanin ɗin nan, har da dubban da na kashe daga baya.

Nan ne na fara gane inda masana'anta ke rage tsada. Katakon na kirki ne, sassaƙar ma ba laifi. Aikin ƙarshe, wanda ke buƙatar mutum ya zauna awa biyu da abu guda, shi ake tsallakewa. Kuma kada kalmar masana'anta ta ruɗe ka. Da yawa daga cikin masu matsakaicin kuɗi da ke fitowa daga Sin, irin su Eastman, da hannu ake sassaƙa su, sai dai hannuwa ne da yawa, kowa da ɓangarensa. A ɗaya gefen kuma, da yawa daga masu ƙira su kaɗai suna amfani da injin da kwamfuta ke sarrafawa wajen fitar da siffar farko, su ƙarasa da hannu. Abin da za ka guje wa shi ne masu arha sosai da aka yi da filawud aka matse a inji. Waɗannan ko wane gwani ka kai wa, amonsu na kwali ne.

To me ya kai ni ga na biyu? Abu biyu. Na farko hannuna. Yatsuna masu kauri ne, kuma faɗin wuyan mandolin na yau da kullum inci ɗaya da ɗaya bisa takwas ne, tsirkiya takwas a cunkushe a ciki. Kullum ɗan yatsana yana taɓa maƙwabciyar wadda nake nufi. Na taɓa riƙe na wani mai faɗin inci ɗaya da uku bisa goma sha shida, bambancin bai kai milimita biyu ba, amma ji na yi kamar na cire takalmin da ya matse ni. Na biyu kuma, a baranda banjo yana danne ni. Banjon nan da bayi 'yan Afirka suka haifar a wannan nahiya, jinin su molo da gurmi ne, kuma ya gaji bakinsu: in yana magana, kowa sai ya ɗaga murya. Nawa in na matsa masa sai ya yi ƙara ba tare da ya yi nauyi ba.

Mai sassaƙar da na samu yana cikin duwatsun Karolina ta Arewa, shi kaɗai yake aiki, abin da yake gamawa a shekara bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Na yi tuƙin awa shida na je. Ya sa na kaɗa a gabansa kusan rabin awa bai ce komai ba, yana kallon hannuna. Sannan ya fara tambaya. Wuyan mai tudu kamar V nake so ko mai zagaye? Inda yatsu ke taka a shimfiɗe ko da ɗan doro? Ƙarafan dannawa sirara ko masu kauri? Ramin sauti irin na gogen Turawa ko zagayayye? Ya ɗauko falankin sufurus guda uku, yana riƙe kowanne da yatsa biyu yana ƙwanƙwasawa kusa da kunnena. Gaskiya a nan ban ji bambancin da yake ji ba, na dai gyaɗa kai kamar baƙauye a gaban likita. Amma sauran tambayoyin na amsa su ba tare da inda-inda ba, kuma shekara ukun da na yi da na kantin ne suka ba ni amsar. Da a 2018 na zo masa, da duk abin da ya ce sai in ce to, in biya kuɗin ɗinki a kan awon wani.

Ya tambaye ni ko ina son samfurin F, mai nannaɗaɗɗen kai kamar kan rawani da 'yan ƙahoni a gefe. Kyau kam akwai shi. Sai dai nannaɗin nan katako ne tsura a ciki, aikin sassaƙarsa da yi masa baki yana cin kwanaki, kuma kuɗin kan kusan ninkawa. Masu kiɗa suna ta gardama a kan ko yana ƙara wa sauti wani abu. Kunnena dai bai taɓa ji ba. Na tsaya a kan A, muka yi ciniki a dala 4,500.

Ya ce wata goma. Wata goma sha bakwai aka yi. Duk wanda ya taɓa kai wa tela shadda ana saura sati biyu Sallah ya san irin zaman da na yi, sai dai wannan telan ba shi da yaron shago da za ka huce a kansa. Ya yi jinyar kafaɗa, sannan fentin ya ƙi bushewa da wuri saboda damina, kuma irin fentin da yake shafawa da hannu ba a yi masa gaggawa. Yakan turo hotuna jefi-jefi, ni kuma ina nuna wa uwargida, tana cewa, "Ikon Allah, har yanzu katako ne." Wannan jiran wani ɓangare ne na farashin, kuma ba a rubuta shi a takarda. Akwai wanda ya fi shi nauyi: a kanti kana iya kaɗa guda goma ka zaɓi wanda ya yi maka magana, a nan kuwa kana biyan kuɗin sautin da ba ka taɓa ji ba. Shi kansa mai sassaƙar bai ji shi ba sai ranar da ya ɗaura tsirkiya.

Da ya iso, daren farko gabana ya faɗi. Wuyan dai kamar an auna tafin hannuna aka zuba shi, wannan babu ja. Amma sautin a ƙulle yake, siriri, kamar amaryar da ta ƙi buɗe baki. Na kira shi, ya yi dariya ya ce in yi ta dukansa wata shida sannan mu yi magana. Masu wannan harka sun yi imani cewa sabon katako yana buɗewa da kaɗawa. Ko katakon ne ya buɗe, ko hannuna ne ya koyi inda zai taɓa shi, ko kuma kunnena ne ya ga dala 4,500 ya sallama, ba zan rantse ba. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne, kafin shekara ta zagayo, tsirkiyoyin ƙasa sun yi wani kauri mai daɗi, kuma saran nan na bulugiras da ake yi a madadin ganga yana fita da nauyi kamar an sauke taɓarya a turmi. In na kaɗa a hankali yana amsawa, in na matsa masa yana da sauran wuri. Na kantin yana da murya ɗaya ce, mai kyau, amma ɗaya. Mai banjo da kansa ya ce yanzu yana jina.

Wata rana muka yi gwaji. Dattijon ya kaɗa duka biyun, mu kuma mun juya baya. Sau biyar ana yi, sau biyar ina gane nawa na sassaƙa. Uwargida kuwa sau uku tana zaɓar na kantin a matsayin mai tsadar, ta ce ya fi zaƙi. Har yau in maganar kuɗi ta taso sai ta tuna mini.

Yana da nasa aibin. Fentin mai laushi ne, gumin hannuna ya riga ya ci gefen da nake jingina damtse, alhali na kantin, mai kaurin fenti kamar gilashi, ko ƙwarzane bai yi ba. Sannan in yau na ce zan sayar, da wuya in mayar da kuɗina, domin mai sassaƙar ba sananne ba ne. Sunaye irin su Gilchrist na Ostareliya su ne kuɗinsu ke tsayawa ko ya hau, kuma waɗannan farashinsu na mota ne. Da zan sake, da sai na tsaya na duba tsaka-tsakin sosai: ƙananan kamfanoni irin su Collings na Ostin a Tekzas ko Northfield na Mishigan, musamman na hannu, wanda wani ya riga ya kaɗa shekaru. Kana jin sautin kafin ka biya, kuma wasu suna zuwa da faɗin wuyan da nake nema. Ga wanda bai kai shekara biyu da farawa ba kuwa, shawarata ɗaya ce: ya sayi na masana'anta mai katako tsura, samfurin A, ya ware kuɗin mai gyara tun kafin ya bar kantin.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne na kantin bai yi ritaya ba. Shi ke zaune a falo ba akwati, shi yara ke taɓawa, shi nake jefawa a bayan mota. Na sassaƙar yana cikin akwatinsa da ɗan ma'aunin laima, domin katakon nan yana son danshin iska kusan kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, kuma hita a lokacin sanyi tana busar da ɗaki ƙwarai. Da za mu je gida a Disambar 2023, ko tunanin ɗaukarsa ban yi ba. Na kantin na saɓa. Hunturun Zariya kuwa bai raga masa ba: cikin sati ɗaya fuskar ta ɗan faɗa, tsirkiyoyi suka fara zuza a kan ƙarafa, bakin ƙarafan ma ya fito yana kartar hannu saboda katakon wuyan ya tsuke. Na jiƙa soso na sa a kwanon sabulu mai huda na rufe su tare a akwati, na ɗaga jakin kaɗan, ya dawo hayyacinsa.

A wajen bikin ƙanina na haɗu da wani mai gurmi, na nuna masa. Ya juya shi gaba da baya, ya leƙa ramin sautin, ya ƙirga tsirkiyoyin sau biyu, ya ce, "Alhaji, duk waɗannan mutum ɗaya ke kaɗa su?" Ya ƙwanƙwasa fuskar da farce kusa da kunnensa, daidai yadda mutumin Karolina ya yi wa falankinsa. Sannan ya tambaye ni wa ya sassaƙa. Na ce kamfani ne, a Sin. Ya ce ya ji, amma wa ya sassaƙa? Na ce ban san sunansa ba. Ya miƙo mini abina, ya ɗauki gurminsa, wanda shi ya fafe ƙwaryar ya ja fatar da hannunsa, ya ce in kama masa amshi.