Katin bashi na farko a Amurka: wanne ya dace da baƙo?

Ina wata na huɗu a Amurka na je neman hayar ɗaki, da kuɗin wata uku a aljihu, ina ganin magana ta ƙare. Matar da ke kula da gidan ta karɓi lambata ta SSN, wato lambar shaida ta Social Security da gwamnatin Amurka ke bayarwa, ta ƙwanƙwasa kwamfuta, ta juyo mini da allon: fili fetal, ko layi ɗaya babu. Ba a bina ko sisi, amma kuma babu mai shaidata cewa in na ci bashi ina biya. A gida, wanda ba ya cin bashi shi ake yabo. A nan kuwa baƙo ne da ba a san asalinsa ba. Sai da wani ɗan garinmu ya tsaya mini sannan aka miƙo makulli.

Abin da matar ta nema shi ne makin bashi, wanda mutanenmu na nan ke kira kiredit. Kamfanoni uku ne ke riƙe da tarihin bashin mutane: Equifax da Experian da TransUnion. Daga wannan tarihi ake fitar da makin FICO, wanda ke farawa daga 300 ya tsaya a 850, kuma daga 670 ake cewa mutum ya shiga sahun masu kyau. Kashi 35 cikin ɗari na makin biya a kan lokaci ne, kashi 30 yawan abin da ake binka, 15 daɗewar tarihinka, sauran 20 an raba su tsakanin sababbin basussuka da ire-iren bashin da kake riƙe da su. Katin cirar kuɗi na asusunka ba ya shiga lissafin, komai yawan abin da kake kashewa da shi. Kuma FICO ba ya ba ka maki sai kana da asusun bashi da ya kai wata shida. Don haka katin farko aikinsa ɗaya ne, ya buɗe maka shafi, kuma da wannan ma'auni za a auna kowanne.

Mafi sauƙin samu shi ne katin jingina. Kai za ka ajiye wa banki kuɗi, galibi daga dala 200, su ba ka kati mai iyaka daidai abin da ka ajiye. Katin Platinum Secured na bankin Capital One yakan karɓi ajiyar dala 49 ko 99 ko 200, gwargwadon yadda suka auna ka, ya ba ka iyakar dala 200. Da na fara jin tsarin na yi dariya: in ba ka kuɗina, ka ranta mini su? Amma shi banki ba ya asara, shi ya sa yake yarda da wanda bai sani ba, kuma duk wata yana kai rahotonka kamar na kowa. Kafin ka sa hannu ka tambayi abu uku. Suna kai rahoto ga kamfanonin nan uku duka? Akwai kuɗin shekara? In ka yi wasu watanni kana biya lafiya, za su maido maka ajiyarka su mai da katin na gama-gari? In akwai kuɗin shekara ko na wata-wata, tafi gaba, akwai waɗanda babu.

Wanda ke jami'a yana da katin ɗalibai, wanda ba ya buƙatar ajiya. In ka samu, ya fi. Sai dai dokar katin bashi ta 2009 ta ce wanda bai kai shekara 21 ba sai ya nuna yana da kuɗin shiga na kansa, ko wani ya tsaya masa. Bankuna da yawa kuma za su nemi SSN, wasu na karɓar lambar haraji ta ITIN.

Hanya ta uku ta zumunci ce: yayanka ko kawunka da ya daɗe a ƙasar ya sa sunanka a katinsa. Tarihin katin nan yakan bayyana a shafinka, ko da bai taɓa damƙa maka katin a hannu ba. Tana da sauri, amma in ya makara wajen biya ko ya cika katin maƙil, tabon har da kai. Kuma in kai ne ka yi ɓarin kuɗin, mai katin ne banki zai bi. Zumunta da yawa sun yi tsami a kan abin da bai kai wannan ba.

Katin kanti kuwa, wanda mai karɓar kuɗi zai yi maka tayi da murmushi, a rage maka kashi kaza yau-yau, ruwansa yakan doshi kashi 30 a shekara, iyakarsa ƙarama, wani ma a kantin kawai yake aiki. Ni ba na ba baƙo shawarar farawa da shi.

Sai babbar magana, wadda na san ita ke ran mafi yawan masu karanta wannan: riba. Doka ta wajabta a aiko maka da takardar lissafi aƙalla kwana 21 kafin ranar biya, kuma a kusan duk katunan nan, in ka biya duka abin da ke takardar kafin ranar, ko kwabo ba za a ɗora maka ba. Sai dai sharaɗin ruwan yana nan cikin yarjejeniyar da ka sa wa hannu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta ce bai halatta a yi mu'amala da katin da ke ɗauke da wannan sharaɗi ba, ko da mutum ya ƙudurta biya cikin wa'adi. Wasu malaman da ke zaune a ƙasashen Yamma sun yi rangwame saboda lalura, muddin ba za a bari ruwa ya hau ba. Ni ba malami ba ne, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa. Ga mai son kauce wa saɓanin, akwai katunan jingina marasa ruwa kwata-kwata, irin na kamfanin Chime, inda kake kashe abin da ka zuba kawai, su kuma su kai rahoto. Wanda zai fi ba ka matsala ta wannan fuska shi ne bashin gina tarihi da wasu kamfanoni ke tallatawa, domin yawancinsu da ruwa suke zuwa tun ranar farko.

Za ka ji ana cewa sai ka bar ɗan saura a kati, ka biya ruwa kaɗan, sannan makinka zai tashi. Ƙarya ce. Biya duka ba ya rage maka komai. Abin da ke ja da maki ƙasa shi ne a rufe lissafin wata katinka na cike. In iyakarka dala 300 ce, ranar rufewa kuma ana binka 270, rahoton zai nuna ka cinye kashi 90, ko da ka biya washegari. Ka tsaya ƙasa da kashi 30, ƙasa da 10 ma ya fi. Abin da na yi shi ne na ɗora kuɗin waya kaɗai a kan katin, na saita asusuna ya riƙa biyan duka da kansa, na jefa katin cikin durowa. A lura da saitin nan: akwai na biyan mafi ƙaranci, akwai na biyan duka. Mai bashin dala 1,000 a kan ruwa kashi 24 kusan dala 20 ake ƙara masa duk wata, don haka mafi ƙarancin nan rabinsa ko fiye ruwa yake tafiya.

Tarkon da ya fi kama mutanenmu shi ne aike gida. Sallah ta zo, albashi bai shigo ba, sai a tura kuɗi da katin bashi. Bankuna da yawa suna ɗaukar wannan kamar ka ciri tsabar kuɗi ne: a caje ka kashi 3 zuwa 5 nan take, ruwa kuma ya fara hawa daga ranar, babu wa'adin sassauci.

Makara ta kwana ɗaya ko biyu tara ce da ruwa kawai, amma in ta kai kwana 30 za a kai rahoto, kuma tabon shekara bakwai yake yi. Neman katuna barkatai ma yana barin sawu na shekara biyu, don haka ka fara amfani da shafukan bankuna da ke gaya maka ko za su karɓe ka ba tare da taɓa makinka ba. Bayan wata shida ka shiga AnnualCreditReport.com ka duba rahotonka kyauta, ka tabbata sunanka da adireshinka daidai suke. Masu suna irin namu, Muhammad da Abubakar da Ibrahim, ba abin mamaki ba ne a tarar an liƙa musu bashin wani.