Gargaɗi ga masu neman bodin akori-kura a Kwinsland: an ci min dala 3,350

Jama'a, kwana 11 ke nan ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in bari. Kunya ce ta riƙe ni. Daren jiya kuma sai na sake cin karo da hotunan bodin motar da aka damfare ni da su, su ɗin dai, an canza suna an sake kafa talla, har an ƙara kuɗi. Na ce to wallahi ko za a yi min dariya har a faɗi ƙasa sai na faɗa. Dala 3,350 na Ostireliya aka ci min. Ba a aljihu aka zare ba, ba bindiga aka nuna min ba, ni da yatsana na tura, sau uku. Dala 3,350.

Ni da na fito daga ƙasar da duniya ke mana gorin 419, ni da nake zaunar da abokan aikina Turawa ina koya musu yadda ake gane saƙon 'yan damfara, a ce a Birisben, babban birnin jihar Kwinsland, aka yi min sakiyar da ba ruwa. Wannan ya fi kuɗin ci min rai.

Don 'yan uwa na gida su gane abin da ake magana a kai: nan akori-kura suna ce mata yut. Yawancin masu aikin hannu sukan cire akwatin bayan da ta zo da shi daga kamfani, su ɗora shimfiɗaɗɗen bodi mai gefuna da ake saukewa. Shi suke kira tire, kamar dai tiren mai talla. Ni aikin shingen gidaje nake yi, motata Hilux ce ta 2017 mai ƙofa huɗu. Akwatin kamfanin nan ya ishe ni. Ƙusumban taya biyu sun cinye wurin, faletin da ake ɗora kaya a kai a ƙasar nan faɗinsa milimita 1,165 ne, ba ya shiga tsakaninsu. Kullum sai dai in yi ta jidar buhunan siminti masu kilo 20 ɗaya bayan ɗaya, alhali mai tire sai dai ya sauke gefe a ɗora masa da inji ya kama gabansa. Ga kuma alƙawarin da na yi wa yara cewa hutun Satumba za mu je kwanan daji a K'gari, tsibirin yashin nan da a da ake kira Fraser. Ina son bodi da rumfar da ake ɗorawa a kai mai ƙafafu, Litinin zuwa Juma'a in ajiye rumfar a gida in yi aiki, ƙarshen mako in ɗora ta da firji da tanti mu tafi.

Kuma kada wani ya ce min ban yi bincike ba. Wata shida na yi ina bincike. Wata shida. Na san bambancin na alminiyom da na baƙin ƙarfe. Na ƙarfe ya fi jure duka, in ya tsage kowane mai walda zai gyara maka, amma ga nauyi ga tsatsa, musamman in za ka riƙa bin bakin teku. Na alminiyom ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, sai dai waldarsa ba kowa ya iya ba. Na san duk kilon da bodi ya ci, daga kayan da doka ta yarda ka ɗauka ake cire shi, domin kowace mota akwai iyakar nauyinta a rubuce a jikinta, kuma lissafin ya haɗa da kai da matarka da yara da mai da ruwa. Na je shaguna uku an yi min farashi, sabon bodi da rumfa sun haura dala 14,000. To da na ga na hannu a 5,900, da ƙujewa a gefe ɗaya, marfin akwati guda ya ɗan lotsa, ban ga abin tuhuma ba. Da a 2,000 ya sa shi, da ban ko tsaya ba, na san banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutumin nan ya san inda zai ajiye farashi.

Ranar Lahadi da na je Tuwumba, garin da mai tallar ya ba ni adireshinsa, tsohon da ya buɗe min ƙofa ko gama bayani bai bari na yi ba. Yana riƙe da wuyan karensa, ya dubi motata a bakin titi, ya dube ni, ya ce, “Maganar tire ce ko? Kai ne na huɗu.” Na huɗu! Ya ce shi ko akori-kura bai taɓa mallaka ba, shekararsa 30 da wani abu a gidan. Har ya buɗe min gareji in gani, wata tsohuwar ƙaramar mota ce a ciki da injin yankan ciyawa. Ya tambaye ni ko zan sha shayi. Na ce a'a na gode. Na koma mota na zauna, sanyin garin nan na kan tudu yana ratsa ni, ina kallon tef ɗin awo da na ɗauko don in auna bodin. Tef fa na ɗauko. Kilomita sama da 120 na tuƙa da tef a kan kujera, bayan na riga na biya.

Amma bari in koma baya, na tsallake. Ranar Talata da daddare na ga tallar a kasuwar Facebook. Ko Litinin ce? Talata, don ranar ne aka yi ruwa muka tashi aiki da wuri. Na tura masa saƙo, kafin minti goma ya amsa. Bai ce in turo kuɗi ba, wannan nake so ku gane. Tambayata ya fara yi: motarka ta wace shekara ce, ƙofa nawa? Na ce 2017, ƙofa huɗu. Ya ce madalla, daga kan irinta ya cire, domin Hilux ta canza fasali a 2015, da tawa ta girmi haka da ƙafafun ɗaurin ba za su dace ba. Ya ce tsawonsa milimita 1,800 ne, kuma kada in yarda wani ya sayar min da wanda ya fi haka a mai ƙofa huɗu, domin in nauyi ya yi yawa a bayan tayoyin baya, ranar da ka faɗa rami a daji cesis ne zai lanƙwashe daidai bayan gidan direba. Gaskiya ce tsantsa. Na sha ganin hotunan motocin da suka karye haka. Ya ce tankin ruwa da batir in sa su can gaba kusa da allon kai, kayan da ba su da nauyi su koma baya. Ya ce in na dawo daga bakin teku in wanke ƙarƙashin da ruwan famfo tun a ranar, kuma in riƙa duba inda notin ƙarfe ya haɗu da alminiyom, nan ne gishiri ke cin sa ya zama farin gari. Ya ce bayan tafiyar farko a hanya mai gargada in sake ɗaure notinan gaba ɗaya. Har ya tuna min cewa sai an mayar da kyamarar baya da fitilu da bakin tankin mai, in sa kuɗin wannan a lissafina.

Ku faɗa min tsakani da Allah, ɓarawo ne zai zauna yana ba ka shawarar yadda za ka kula da noti? Abin da na yi ta faɗa wa kaina ke nan. Ɓarawo ina ruwansa da cesis ɗina? A nan ya kama ni, ba a farashi ba. Har yanzu in na kwanta saƙon nan nake gani, “kada ka sayi wanda ya wuce 1,800.” Wai shi yana tausaya min.

Sai maganar kafin alƙalami, dala 1,500, don ya sauke tallar. Ya ba ni lambar waya in tura ta PayID, tsarin tura kuɗi na bankunan nan. Wanda ya san tsarin ya san kafin ka tura yakan nuna maka sunan mai asusun. Suna ya fito. Sunan mace. Na tsaya. Wallahi na tsaya, ina tsaye a kicin, butar shayi tana tafasa, yatsana a saman allon. Na rubuta masa cewa sunan bai yi daidai da naka ba. Ya ce ai na matarsa ne, ita ke riƙe da kuɗin gida, har da 'yar dariya, wai ka san halin mata. Na yi murmushi na danna. Daƙiƙa nawa ne? Ba su kai biyar ba. Na ga sunan, na san ba nasa ba ne, na tambaya, aka ba ni amsar da yaro ɗan firamare zai iya ƙirƙira, na danna. Dala 1,500.

Uwargida tana wanke-wanke a bayana ta ce, “Malam, ka ga kayan da idonka?” Na ce mata ke ba ki san harkar mota ba. Haka na ce mata. Har yau ba ta tuna min ba, kuma shirun nata ya fi min zafi a kan ta yi magana.

Na manta ban faɗa ba, ya turo min hoton lasin tuƙi tun kafin kuɗin farko, da adireshin Tuwumba ɗin nan a rubuce a saƙo. Ya turo bidiyo ana zagaya bodin, ana buɗe akwatunan ƙarƙashi, ana jawo doguwar durowar baya. Mun ma yi waya sau ɗaya, muryar Bature ɗan ƙasa, kowace jimla sai ya ce aboki. Da na nemi kiran bidiyo ya ce yana wajen aikin haƙar kwal a arewa, sabis ba ya ɗauka. A jihar nan da yawa daga cikin masu irin motocin nan aikin da suke yi ke nan, mako a can mako a gida, to me zai sa in yi mamaki? Lasin ɗin, daga baya na gane, na wani bawan Allah ne da wataƙila shi ma haka aka karɓe masa. Shi ya sa in na saka hotunan zan rufe fuska da suna.

Kuɗi na biyu, 1,200, ranar Alhamis. Da safe ne, ina kan aiki. Wai wani ya kira daga Gold Coast zai zo da kuɗi a hannu har da ƙari, shi kuma ba ya son ya saɓa min, amma matar tana matsa masa, in na kusanto rabi zai rufe bakinta. Na tura ina tsugune a gindin ramin da nake haƙa wa turke, hannuna duk siminti. Sai Juma'a ya ce an riƙe shi a wajen aiki ba zai dawo ba, amma surukinsa yana da tirela, zai kawo min har gida ranar Asabar, kuɗin mai da wahala 650, ragowar in biya in kaya sun sauka. A raina har na ce ai wannan adalci ne. 1,500, da 1,200, da 650. Ku haɗa. 3,350.

Asabar na kwance akwatin motata rabi, na share gareji, na kira abokina ya zo ya taya ni ɗagawa. Yara suna leƙen titi. Ƙarfe goma, sha biyu, azahar, la'asar. Saƙo yana shiga ba amsa. Wajen magariba shafin ya ɓace ɗungurungum, lambar kuma a kashe. Abokina bai ce komai ba, ya ɗauki hoto guda ya saka a binciken hoto na Google, cikin minti ɗaya ga bodin nan a wata tsohuwar talla daga can yammacin ƙasar, wajen Perth, an daɗe da sayar da shi. Minti ɗaya. Wata shida ina karanta kaurin alminiyom, minti ɗayan nan ne ban yi ba. Duk da haka sai da na tafi Tuwumba washegari, wai ko akwai kuskure.

Na kira banki a daren, sun ce za su gwada dawo da kuɗin amma irin wannan turawar nan take take shiga, kuma yawanci kafin a ankara an kwashe. Na kai rahoto ta ReportCyber, shafin gwamnati na kai ƙarar laifukan intanet, an ba ni lamba, na cike fom ɗin Scamwatch, shafin kai rahoton damfara, su kuma dama tattara bayanai suke yi, ba su ke dawo da kuɗi ba. Zuwa yanzu ko sisi.

Shawara dai gajeriya ce. Kada ka tura ko dala ɗaya sai ka sa hannunka a kan bodin ka auna. Suna ya fito daban, rufe wayar. Saka hoton a bincike. In ya ce kamfani ne, duba lambar ABN ɗinsa, wato lambar rajistar kasuwanci, kyauta ne. In an riga an ci ka, banki za ka fara kira, ba aboki ba.

Kuma masu shirin rubuta min “ai da ka tambaye ni”, don Allah ku riƙe abinku. Ba wauta ce ta sa na yarda ba, mutumin ya san bodi fiye da wasu masu shagon da na je. Duk abin da ya faɗa min a kan kula da shi daidai ne, bodin ne kawai babu. Ina da komai a ajiye, hirar tun daga sallama, rasit uku na banki, bidiyon, tsohuwar tallar ta Perth da sabuwar ta jiya. In na taso aiki yau zan rufe sunaye in saka su a ƙasa. Sabuwar yanzu cewa yake a Ipswich yake, farashi 6,200, kuma wai daga kan akori-kurar Ford Ranger aka cire. Ku duba marfin akwatin hagu, lotsawar tana nan yadda take.

Na mayar da akwatin kamfanin na ɗaure, noti biyu ma sun ɓace a garejin ban gan su ba. Ƙaramar 'yata ta tambaye ni da safe ko mai tirelar ya samu hanya.