Wata shida ina ɗawainiya da ƙamus ɗin Oxford

Kalmar fine ce ta sa na sayi ƙamus. Takarda ta zo daga makarantar ɗana, na sa kalmar a wata manhajar fassara ta waya, ta ce min "lafiya". Na ajiye takardar hankalina kwance. Ashe tara ake nufi, ta rashin zuwa taron iyaye. Ranar na ji kunya ba kaɗan ba, ga shi kuma ina shirin sake rubuta WAEC bayan shekara 12 da barin aji.

Na samo Oxford Advanced Learner's Dictionary, bugu na 10 na shekarar 2020. Wani malami, A. S. Hornby, da ya koyar da Turanci a Japan ne ya assasa shi, Oxford ta fara fitar da shi a 1948. Dama don irinmu aka yi shi, waɗanda ba da Turanci aka haife mu ba, kuma hakan ya nuna a bayaninsa.

Abin da ya fi yi min amfani shi ne jimlolin misali. Ɗauki charge. Ni cajin waya kawai na sani. A nan na tarar da kuɗin da ake karɓa kan aiki, da tuhuma a gaban alƙali, da in charge of, wato wanda abu ke hannunsa. Kowace ma'ana da lambarta da jimlarta. Sai in ɗauko jimlar da ta ɗaure min kai, in duba ko kalmar suna ce ko aikatau, in yi ta gwadawa har ta zauna. Tambayar nan ta WAEC da ake cewa ka kawo kalmar da za ta maye gurbin wata kamar yadda aka yi amfani da ita a labarin, yanzu ba ta firgita ni.

Sai dai babu Hausa ko ɗaya a ciki. Wanda Turancinsa bai ɗan yi ƙwari ba, sai ya nemi mai taya shi. Ni ma put up with ta ba ni wahala, don ban san can ƙasan put ake jera irinsu ba, sai da ƙanwata ta nuna min tana dariya. Yana kuma cin lokaci: kalma ɗaya kan ɗauke min minti biyar, wani lokacin har miya ta kama.

Manhajar tana nan a wayata, ina tambayar ta sunan kaya. Takardar makaranta kuwa, ƙamus nake buɗe mata.